Igiyar da Ta Tsinke a Ramin Kuza

Zuwa ga ɗana Sambo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ka a hanya, Ya sauke ka lafiya a garin da ba ka taɓa takawa ba. Innarka ce za ta saka ta a jakarka, kuma na roƙe ta kada ta gaya maka sai mota za ta tashi. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san hannuna ya fi sabawa da sitiyari.

Tun ranar da ka ce mini an ɗauke ka koyon aikin injin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, za ka zauna can sama kana ɗaga ƙarafa mutane suna kai da kawowa a ƙasa, raina bai kwanta ba. Akwai maganar da ya kamata in yi maka baki da baki. Na yi ta gwadawa, amma da na buɗe baki sai in ji ina tambayarka ko ka ci abinci. Shi ya sa na zauna na rubuta.

Ka tuna wata Asabar a kasuwar Farin Gada a nan Jos, lokacin kana aji huɗu na sakandare? Ana yi wa motata lodin dankalin turawa da kabeji, Innarka ta aiko ka da abincina. Ina zaune a rumfa da abokan aikina, direbobi da dillalai, sai ka ga sikelin hannu a rataye, irin mai ƙugiya ɗin nan. Ka ɗauko shi ka rataya masa ɗan ƙullin karas, ka ce, “Baba, zo ka ga abin da aka koya mana.”

Ka riƙe shi cak, allurar ta tsaya wuri ɗaya. Ka fizge shi sama, allurar ta zarce. Ka sake shi ƙasa da sauri, ta ja baya. Sannan ka ɗaga shi sannu a hankali, ta zauna inda take tun farko.

Na ce, “To karas ɗin ƙaruwa ya yi?”

Ka ce, “A’a Baba, nauyinsa na gaskiya yana nan yadda yake. Amma a daidai lokacin da aka fizge shi, abin da ke riƙe da shi yana jin nauyin da ya fi haka. Haka ma idan yana sauka aka tsayar da shi farat ɗaya. Ba tafiyar ce ke ƙara nauyin ba, tashin ne da tsayawar.”

Fuskarka a ranar tana nan a idona. Murna kake yi, kuma ni ka kawo wa murnar, ba kowa ba. Da mu biyu ne kawai, ina jin da na karɓi sikelin na gwada da kaina. Amma wani dillali ya yi dariya ya ce, “Adamu, yaron nan fa ya fi ka sanin kaya.” Wannan ’yar maganar ce ta shige ni. Na ce maka tun ba a haife ka ba nake ɗaukar kaya daga Jos zuwa kudu, buhu buhu ne, ko ka yi rawa da shi ko ka ajiye shi. Na juya wajen mutanen na ce, “Ku ga injiniyan karas.” Rumfa ta ɗauki dariya. Ka mayar da sikelin inda ka ɗauko, ka goge hannunka a wando, ka ce, “Sai ka dawo, Baba.” Sunan ya bi ka a kasuwar, har masu lodi suna kiranka da shi, ni kuma ban taɓa hana kowa ba. Daga ranar ba ka sake nuna mini wani abu da ka koya a makaranta ba. Na lura, amma na ce wa kaina girma ne ya zo maka.

Sambo, wata rana kai ma za ka zama babba a wurin aiki, na ƙasa da kai zai zo maka da magana a gaban mutane. Za ka ji wani zafi ya taso maka daga ƙirji. Na san zafin, kuma ba shi da alaƙa da ko maganar gaskiya ce ko ba gaskiya ba. Ka bari ya wuce tukuna. Ka ce masa ya sake nuna maka. Ba abin da zai ragu a jikinka.

Da damina ta zagayo, Baffanka Buba, ƙanen nan nawa mai ce mini Hamma, ya kira ni daga ruga. Lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, sai da ya hau dutse ya samu layi. Ya ce saniya ta faɗa tsohon ramin kuza, cikin ramukan da masu haƙa suka bari ciyawa ta rufe bakinsu. Ba kowace saniya ba ce. Daga zuriyar wadda mahaifiyarmu ta bar mana take, kuma tana da tsohon ciki. Ya ce tana raye, ruwa ya kai mata ƙirji.

Na ɗauki a-kori-kura, na ɗauke ka, na ɗauki igiyar da na saya a shagon Obinna a unguwar Congo-Russia. Ka san Obinna, abokina mai sayar da igiyoyi da sarƙoƙi da kayan gini. Na biya ta wajensa in ari wilin da masu haƙar rijiya ke zura igiya a kai. Ya ba ni, ya ce akwai kuma abin ɗaga kaya mai sarƙa, wanda ake ja da hannu yana hawa kaɗan kaɗan, amma yana wurin wani magini, in jira ya aika a karɓo. Na dubi sama, hadari ya haɗo. Na ce ba zan jira ba.

Na yarda da igiyar, kuma ina da dalili. Da ita makanikai suka rataye injin babbar motata a reshen mangwaro, ya yi kwanaki a rataye ba ta ko yi ƙara ba. Injin nan ya fi saniya nauyi nesa ba kusa ba. A raina na ce igiyar da ta riƙe inji me saniya za ta yi mata.

Muka kafa itatuwa masu kauri a bakin ramin, muka haɗa kawunansu, muka rataya wilin. Buba ya sauka ya ɗaure saniyar ta ƙirji da ƙugu, ya sa buhuna don kada igiya ta ci ta. Aka ɗaura ɗaya bakin igiyar a ƙarfen bayan mota. Na leƙa na ce masa ya fito.

Ya ce, “Hamma, ramin ƙunci gare shi. In ba wanda ke ture ta daga bango, cikinta zai gogu da dutse. Akwai ɗan tudu a nan gefe, zan tsaya a kai.”

Na san bai kamata ba. Amma an fara yayyafi, ina so a gama, sai na ce to. Kai kuma na tsayar da kai a bakin ramin, kana ganin ƙasa kana yi mini alama da hannu, ina kallonka ta madubi.

Da farko komai ya tafi daidai. Na sa giya ta ɗaya, na saki kuloci a hankali, igiya ta miƙe, saniya ta rabu da ruwa. Ina jin muryar Buba daga ƙasa yana yi mata magana da Fulatanci, yana lallashinta. Ta yi kusan rabin hanya. Sai tayar baya ta shiga taɓo, ta yi ta juyawa wuri ɗaya, motar ta fara sulalewa baya, saniya tana komawa ƙasa. Makiyayan da ke wurin suka fara ihu in ja. Raina ya ɓaci da motar, da ruwan, da ihun. Na taka totur har ƙasa.

Na gan ka a madubi, Sambo. Ka ɗaga hannu, bakinka ya buɗe. Sai ka sauke hannun.

Na saki kuloci gaba ɗaya. Taya ta kama dutse, mota ta yi tsalle gaba. Na ji ƙara kamar an harba bindiga, motar ta tafi sakayau ba nauyi a bayanta. Kafin in taka birki na riga na san abin da ya faru.

Saniyar ta faɗo ta haɗa Buba da bango. Ƙashin cinyarsa ya karye, ƙugunsa ya goce. Bai yi ihu ba, abin da ya fara cewa da muka leƙa shi ne a miƙo wuƙa, saniyar ba za ta tashi ba. Shi ya yanka ta a inda yake kwance, rabin jikinsa a ƙarƙashinta. Muka fito da shi da guntun igiyar nan, da hannu, mutane suna ja sannu sannu. Abin da ya kamata a yi tun farko ke nan.

Ga abin da nake so ka riƙe daga wannan, domin aikinka ke nan daga yanzu. Kada ka taɓa cewa igiya ko sarƙa ta riƙe abin da ya fi wannan jiya. Jiya a rataye yake shiru. Kaya a tsaye daban, kayan da aka fizga daban, ko da abu ɗaya ne. Ka tashi a hankali, ka tsaya a hankali. In kaya ya kubce yana sauka, kada tsoro ya sa ka cafke shi farat ɗaya. In ranka ya ɓaci, ka cire hannunka daga injin har ka huce, ko da duk tashar tana yi maka ihu. Kuma ko wane ne, ko me ya ce, ko yana da dalili mai kyau kamar na Baffanka, kada ka ɗaga komai alhali akwai mutum a ƙarƙashi. Masu ihu ka yi sauri ba su za su zauna da abin ba daga baya. Makiyayan nan kowa ya koma rugarsa a ranar. Ni ne nake ganin Buba yana jan ƙafa duk Sallah.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce tsautsayi ne da gaggawa. Abin da na yi washegari shi ne ya fi ci mini rai, kuma ba ka san shi ba, domin kana asibiti wurin Baffanka.

Na ɗauki tsinkakkiyar igiyar na tafi Congo-Russia. Obinna yana ganina ya taso, ya riga ya ji labari, yana cewa, “Oga Adamu, sannu, yaya Buba?” Na jefa masa igiyar a kan tebur. Na ce ya sayar mini da ruɓaɓɓen kaya ya nakasa mini ɗan’uwa. Ya ɗauki igiyar yana juya ta, ya ce, “Igiya nan sabo ne, kai ma ka sani. Zauna mu yi magana.” Ban zauna ba. Na fito bakin titi inda kowa zai ji, na ɗaga murya. Na ce, “Ku mutanen nan haka kuke, ran ɗan’adam ba komai ba ne a wurinku.”

Ka san yadda garin yake a shekarun. Ba a daɗe da fita daga tashin hankali ba, kowa a ɗar-ɗar yake, unguwanni sun fara rabewa. Na san haka sarai. Na san abin da “ku mutanen nan” ke nufi a bakin mai irin rigata, a ƙofar shagon mai irin sunansa. ’Yan acaɓa suka fara tsayawa. Samari suka taru, ana tambayar me ya faru, wani yana cewa Inyamuri ne ya kashe Bafulatani. Wani ya ture kayan da ke bakin shagon. Na ga yadda Obinna ya dubi ƙofar baya, inda matarsa da ’ya’yansa suke. Allah Ya kawo wani dattijon unguwar da limamin masallacin kusa, suka tsaya a ƙofar shagon suka kori yaran. Ni kuwa na shiga mota na tafi, ban tsaya na ce wa kowa ba haka ba ne.

Mutumin nan ya zo sunanka. Matarsa ta yi jinyar Innarka lokacin haihuwar ƙanwarka. Bayan wannan rana ya rufe shago na wani lokaci, ya tura iyalinsa kudu, suka daɗe ba su dawo ba. Ni kuma duk wanda ya zo duba Buba sai in ce igiya ce ba ta da kyau. Na faɗa har na fara yarda.

Ɗana, ranar da abu ya lalace a hannunka, kuma zai lalace wata rana, idonka zai fara neman wanda za ka ɗora wa. Zai faɗa kan wanda ya fi sauƙi, wanda mutane suka riga suka shirya yarda da laifinsa. A can Fatakwal kai ne za ka zama irin wannan mutumin, baƙo ɗan arewa, don haka za ka gane da wuri. Kada ka yi wa kowa abin da na yi. Ka tsaya ka ce hannuna ne.

Yanzu bari in gaya maka yadda na gane, domin ba wani malami ne ya zaunar da ni ba.

Ƙashin Buba bai haɗu daidai ba. Bayan watanni aka ce mu kai shi wani babban asibiti a Abuja a sake dubawa. Likitan yana can saman bene, aka nuna mana lifta, ɗakin ƙarfen nan da ke hawa da mutane. Buba bai taɓa shiga ba. Yana tsaye da sandunan dogarawa, ya ɗan taka ƙafar mai ciwo kamar yadda aka ce ya riƙa yi. Ƙofa ta rufe. Da abin ya tashi sai ya yi wani nishi, ya damƙe kafaɗata.

Na ce, “Lafiya?”

Ya ce, “Hamma, wa ya danna ni? Kamar an aza mini buhu a ka.”

Ba kowa a ciki sai mu biyu. Kafin in ba shi amsa ya ce, “Ya sauka. Yanzu daidai nake.” Alhali muna ta hawa. Da muka kusa isa, abin ya fara tsayawa, ya ce, “Ka ji kuma, yanzu kamar an ɗauke ni.”

Da muka gama da likita za mu sauko, sai abin ya juya. Da tashinmu ya ce ƙafar ta yi sakayau. Da za mu tsaya a ƙasa ya cije baki, gumi ya karyo masa. Ya ce gara a ɗauke shi a bi matakala da ya sake shiga wannan abu.

Buba bai ƙara ko tsoka ɗaya ba tsakanin ƙasa da sama. Ba wanda ya taɓa shi. Amma karyayyen ƙashinsa ya ji nauyin da ya fi nasa, a daidai tashi da daidai tsayawa, ba a tsakiyar tafiya ba. Kalma da kalma abin da ka faɗa mini a rumfa ke nan. Kuma wannan ɗan tashin lifta ne mai laushi, wanda aka yi don marasa lafiya. Na tuna yadda na saki kuloci, saniya tana sauka ni kuma na fizge ta sama da duk ƙarfin mota. Ba saniya ɗaya igiyar ta ɗauka a wannan lokacin ba. Allah kaɗai Ya san nauyin da na ɗora mata.

Na zaunar da Buba a benci na ce ina zuwa. Na koma cikin liftar ni kaɗai. Na hau, na sauko, na sake hawa, ina sauraron gwiwoyina. Dattijo da furfura a gemu yana hawa da sauka kamar yaro, har mai gadi ya zo ya tambaye ni ko ɓata na yi. Na ce masa e.

A hanyar dawowa na gaya wa Buba. Na ce ba igiya ba ce, ni ne. Ya ce, “Hamma, ai ina ƙasa. Na ji lokacin da ka taka mota.” Tun ranar farko ya sani. Yana kwance yana jin ina gaya wa masu dubiya ƙarya, bai taɓa tanka mini ba, don ni ne babba. Ya ce ya yafe, kuma shi ma da ya fito da na ce ya fito. Bai sake ta da maganar ba har yau.

Da na dawo gida na gaya wa Innarka. Ita ce ta faɗa mini abin da ya sa nake rubuta wannan takarda. Ta ce bayan abin ya faru ka yi kwanaki ba ka cin abinci, da ta matsa maka ka ce mata, “Inna, na san za ta tsinke. Na ga ta yi sako-sako, na ji Baba ya taka mota. Na so in yi magana, na ji tsoron ya yi mini dariya a gaban mutane. Ni na karya Baffa.” Ta ce ka sa ta yi alkawarin ba za ta gaya mini ba.

Ka ga, na san wannan shekara da shekaru. Ina ganin yadda kake zuwa ruga duk hutu kana yi wa Baffanka kiwo, kana ɗebo masa ruwa, ba ka yarda ya ɗaga ko bokiti. Mutane suna cewa yaron kirki. Ni na san abin da kake biya. Kuma na yi shiru, domin in ce maka ba laifinka ba ne sai na ce nawa ne, a gaban ɗan da na haifa. Na iya faɗa wa ƙanena, na iya faɗa wa matata, kai ne na kasa.

To ga shi na faɗa. Ba kai ka karya Baffanka ba. Ni na ƙi jiran sarƙa, ni na bar shi a ramin, ƙafata ce a kan totur. Hannun da ka sauke kuwa, ni na sauke shi tun a Farin Gada. Yaro ne kai, ka yi abin da ubanka ya koya maka. Ka ajiye wannan abu a Jos, kada ka tafi da shi. Ka yafe mini.

Amma yanzu kai ba yaro ba ne, don haka ga ɗaya gefen maganar. A inda za ka akwai ogogi, wasu za su fi ni zafin kai. Za su yi maka dariya, za su sa maka suna, Hausarka da Turancinka duk za su zama abin tsokana. In ka ga igiya ta yi sako-sako, ko mutum a ƙarƙashin kaya, ko wani zai fizga, ka yi magana da ƙarfi. In ba su ji ba ka sake. In kora ce su kore ka, ka dawo gida, akwai tuwo.

Saura magana ɗaya. Ka san a gidan wata mata za ka sauka a Fatakwal kafin ka samu ɗaki, Innarka ta ce maka ’yar’uwar wani abokina ce. Ban bari an gaya maka ko wane aboki ba. Yayar Obinna ce.

Ban je wurinsa ba bayan Abuja. Na riƙa canza hanya don kada in bi ta ƙofar shagonsa. Sai watan jiya, da na rasa wanda na sani a garin da za ka, na kuma rasa yadda zan yi da kaina, na tafi. Ban je don neman masauki ba, Allah Ya sani, ban ma san yana da kowa a can ba. Na je ne don na ga ba zan iya yi maka nasiha ba alhali wannan yana kaina. Na same shi ya yi furfura, shagon ya ragu. Na tsaya a bakin titi, daidai inda na tsaya a wancan karon, na ɗaga murya yadda maƙwabtansa za su ji. Na ce igiyarsa ba ta da laifi, ni na tsinka ta, kuma ƙarya na yi masa.

Ya ci gaba da naɗe wata waya da ke hannunsa. Sannan ya ce, “Na san igiya na. Ba shi ne ya dame ni ba. Ka ce ku mutanen nan. Ni, Adamu. Yarinya na ƙarami har yau in ya ji ihu a titi sai ya shiga ƙarƙashin gado.”

Na tsaya kawai. Can ya jawo benci da ƙafa ya ce in zauna rana tana dukana. Ya tambayi ƙafar Buba. Ya tambaye ka, na gaya masa inda za ka. Ya ce wa ka sani a can, na ce ba kowa. Ya yi tsaki, ya ciro waya ya kira yayarsa, suka yi magana da yarensu. Da ya gama ya ce, “Akwai ɗaki. Ta ce ba ta dafa abin da ba ya ci, kar ka damu.” Bai ce ya yafe mini ba, ni ma ban roƙa ya faɗa ba.

Don haka ka san gidan da za ka shiga. Matar nan ta san duk abin da na yi, a wurinta iyalin ƙanenta suka zauna lokacin da suka bar Jos. Duk da haka ta share maka ɗaki. Ka gaishe ta da ladabi kamar yadda kake gaida Innarka. Ka ɗebo mata ruwa, ka ci abin da ta ba ka, ka yi sallarka a kan lokaci ba tare da ka takura wa kowa ba. In ta ta da maganar, kada ka kare ni. Ka ce mata haka aka yi, kuma ubanka ya ji kunya.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da na ruwa da na ƙarfe. Allah Ya tsare hannunka, Ya tsare duk wanda zai bi ta ƙarƙashin abin da ka ɗaga, ya koma wurin iyalinsa da ƙafafunsa. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai muna raye. Innarka da ƙannenka suna gaishe ka. Baffanka ya ce in gaya maka ya samu mai taya shi kiwo, kada ka damu da shi.

Wassalam.

Mahaifinka,
Adamu